Ajin Alhamis na Malama Wa-Ya-Faɗa

Ina cikin shafa gam a bayan wani tsohon ƙamus da safiyar Laraba wayata ta yi ƙara. Hannuwana duk sun yi danƙo, sai na danna ta da bayan yatsa, na sunkuya na kara kunne tana kan tebur. Ƙanin aminiyata ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ya ce, "Anti, sai haƙuri. Yaya ta cika ɗazu."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Wa ya faɗa?" ba.

Ya ce, "Ni ne, Anti. Ina riƙe da hannunta."

Da ita ce ta ji wannan amsar, da ta ce magana ta ƙare, tunda wanda ya gani da idonsa ne ya faɗa. Na zauna a ƙasa tsakanin tarkacen takardu. Gam ɗin ya bushe, bangon ƙamus ya kama a karkace. Har yau yana nan a haka, na biya mai shi da wani.

Ni mai ɗinkin littattafai ce. Shagona yana kallon ƙofar makarantar sakandare, titi ne kawai tsakaninmu. A aji shida na firamare karatuna ya tsaya, daga nan na koma gefen mahaifina ina miƙa masa zare, har ya rasu ya bar mini allura da wuƙar yankan takarda da matsi. Don haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri. Wadda take gyara mini ita ce ba ta nan.

Shekara goma sha tara ke nan da ta fara shigowa shagon, ɗauke da kwali a ka, cike da littattafan da suka rabu da bangonsu. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar an aike ta kuma ta makara. Ta dire kwalin ta ce ita ce sabuwar mai kula da laburaren makaranta, waɗannan kuma majinyatanta ne. Da ta dawo karɓa bayan mako guda, na ce mata ɗaya daga ciki ya rasa shafi huɗu a tsakiya, daidai inda labarin ya yi daɗi. Ta sauke tabaranta ta dube ni.

"Au, karanta su kike yi?"

Na ji kunya, na ce ina ɗan leƙawa ne in na gaji.

Ta ce, "Uwar Gam, daga yau kina da katin aron littafi."

Sunan da ta sa mini ke nan, kuma ya bi ni. Ni kuwa Yaya nake ce mata, ko da yake wata bakwai kacal ta ba ni. Tare muka yi goyon 'ya'yanmu, tare muka yi jinyar mijina har ya tafi. Ƙafar tabaranta ta hagu ma da zarena take ɗaure, sau huɗu ina sake mata, ta ƙi sayen wani.

Laburaren nata ɗaki ɗaya ne a ƙarshen jerin azuzuwa, kusa da tankin ruwa. Kanta shida, tebur biyu dogaye, fanka mai lanƙwasasshen fiffike da take kaɗawa tana tsaki. Gilashin taga ɗaya ya fashe tun kafin zuwanta, ta toshe da kwalin da na yanka mata. Amma in ka ce mata kana son littafi kan cutar shuke-shuke, ba ta ɗaga kai za ta ce, "Kanta ta uku, layi na biyu, mai koren bango, kada ka ja shi ta kai."

Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: hatimi. Ba ta iya ganin littafi ba hatimi ta bar shi. Shafin farko, shafi na ashirin da ɗaya, shafin ƙarshe, tim, tim, tim. Maigidanta yakan ce shi da ido ɗaya yake barci, don kada ya farka ya ga lamba a goshinsa. Muna dariyar abin, ba mu san hatimin nan ne zai jawo mata abin da ya jawo ba.

A shagona suka haɗu da Dogo, mai kula da laburaren kwalejin da ke bayan tasha. Ya kawo rahotanni in ɗinka masa, ya tsaya yana mita kansa na gogar rufin shago.

"Wallahi yaran da kuke turo mana sai addu'a. Yaro ya gama sakandare, ka ce ya nemo abu, sai ya kwafo abin da ya fara gani a waya. Jiya wata ta rubuta mini madogararta wai 'intanet'. Kamar ka tambayi mutum gidansu ya ce maka duniya."

Yaya tana zaune a kan ƙullin takarda tana jiran aikinta. Ta ce, "Malam, kai da ka fi kowa kusa da sama, ka taɓa sunkuyowa ka ga inda suke fitowa? Yara ɗari shida, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Kuna can kuna jira a kawo muku dafaffe."

"To ni me zan yi?"

"Ranar Alhamis ƙarfe huɗu an tashi. Ka zo ka faɗa musu abin da za su tarar a can. Ni kuma in nuna musu ta inda ake farawa."

Ya ce zai duba. Ta ce, "Duba agogonka dai, ƙarfe huɗu."

Ya zo. Haka aka fara ajin Alhamis, na 'yan ajin ƙarshe. Babu jarrabawa a ciki, babu maki. Tambaya uku ce kawai, ta rubuta su da babban baƙi a jikin kwali ta rataye a saman ƙofa: Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Ina ya samo? Dogo ya koya musu yadda ake bin lambar littafi har kanta, da yadda ake rubuta inda aka ɗauko magana, da yadda ake gane shafin intanet da ba shi da uba. Ita kuma ta koya musu kada su ji kunyar cewa ba su sani ba. Cikin wata biyu yara suka sa mata Malama Wa-Ya-Faɗa. Ta ji, ta ce ta karɓa.

Wasan da suka fi so shi ne na abu biyar. Za ta shimfiɗa rubutu biyar a tebur, huɗu na gaskiya, ɗaya na ƙarya, ta ce a nemo mata maƙaryacin. Da farko a fallen takarda suke buga na ƙaryar, sai yaran suka gano dabara: duk wanda takardarsa ta fi fari, shi ne. Ran nan ita da Dogo suka zo mini su biyu, suna ƙunshe dariya kamar yaran da suka saci sukari.

Ta ce, "Uwar Gam, muna son ki yi mana ƙarya mai kyan gani."

Dogo ne ya rubuta, ita ta ƙara gishiri. Ƙaramin littafi ne mai shafi ashirin da huɗu, wai wani masani ya gano cewa ɗalibin da ya yi karatu a tsaye yana riƙe ninki biyu na abin da na zaune yake riƙewa. Da gangan suka bar ramuka uku a ciki. Cibiyar da aka ce ta yi binciken babu ita a ko'ina. Shekarar da aka ce an buga littafin ta riga shekarar binciken da biyu. Sannan babbar madogararsa, shafi na sittin na wani littafi da ke kwalejin, in ka je ka buɗe, kiwon kaji za ka tarar.

Ni kuma na zuba hannuna. Na ciro ragowar takardar zamanin mahaifina wadda ta yi rawaya, na yi masa shuɗin bango mai kauri, na goge kusurwoyinsa da dutse don ya yi kama da wanda ya sha hannu. Ban taɓa ɗinkin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba, Allah ya yafe mini. 'Yan ajin shekarar sai da suka yi mako uku kafin su kama shi.

Ƙarshen shekarar karatu aka kawo kyautar littattafai kwali biyu. Yaya ta zauna tana bugun hatimi tun safe, tim, tim, tim, kanta na ciwo, ƙafafunta sun fara kumburin da a lokacin muke cewa tsayuwa ce. Ɗan shuɗin littafin yana kan teburin. Hannunta ya ɗauka, ya buga masa hatimi uku, ya ba shi lamba da kati, ya kai shi kantar littattafan koyarwa. Ita kanta ba ta sani ba.

Da aka dawo hutu an kawo sabon shugaban makaranta, mutum mai zafin nama da son a ga aikinsa. Ba zan ce mugu ba ne, don fentin azuzuwa da gyaran famfo duk shi ya yi. Mako na biyar Yaya ta kwanta, likita ya ce ƙoda ce, ya ba ta hutun mako biyu. A cikin kwanakin nan shugaban ya karɓi makullin laburare yana neman abin da zai faɗa a taron iyaye. Ya ci karo da shuɗin littafi, ga hatimi, ga lamba. Washegari ya sa aka kwashe bencina daga azuzuwan 'yan ajin ƙarshe a lokacin karatun yamma. Ya ce masana sun gano.

Ina shago ina hango su ta taga a tsaitsaye kamar masu jiran mota, ban kawo komai a raina ba.

Akwai wata yarinya a sabon ajin, 'yar mai facin taya na bakin kwana, ana ce mata Lauya don ba a gama magana da ita. Alhamis huɗu kacal ta yi a wurin Yaya. Kwana na shida da tsayuwa, a taron safe, ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, masanan nan, su wa ne?"

Bai ji haushi ba a lokacin. Ya ɗago littafin sama yana murmushi, har ya ba ta aro don ta ƙaru. Ita da ƙawayenta uku suka kwashi ƙafa sai kwaleji, suka ce wa Dogo suna neman wani littafi, shafi na sittin. Dogo ya ce da ya ga shuɗin bangon a hannunta nan take ya gane abin da ya faru. Ya ɗauko musu abin da suka nema, tunda aikinsa ke nan, ya fita waje ya kira Yaya.

Da sassafe ta taso daga shimfiɗar ciwo, na riƙe ta muka tsallaka titi, don ta faɗa wa shugaban a asirce kafin abin ya fasu. Ranar ce ranar taron iyaye. Ya aiko a ce mana yana da aiki, sai bayan taro. Ta rubuta 'yar takarda ta ce a miƙa masa yanzu-yanzu. Daga baya aka ga takardar a ƙarƙashin kofin shayinsa, ko buɗewa bai yi ba.

A taron ya yi bayanin tsayuwa da ƙwaƙwalwa har ana tafi. Sai mai faci ya miƙe, da baƙin mai a faratansa, riƙe da takardar da 'yarsa ta ba shi. Ya ce shi ba mai ilimi ba ne, amma an ce shafi na sittin, ga shafi na sittin. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, yadda ake ware kaza mai kwanci daga sauran kaji. Wani daga baya ya ce, "To su kajin a tsaye suke karatun?" Ɗakin ya fashe da dariya.

Da yamma aka kira mu ofis, har da ni, don an gane ɗinkina. Idonsa ya yi ja. Ya tura mata takarda da biro.

Ta karanta har ƙasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, rabin farko gaskiya ne. Ni na buga hatimin, ni na sa shi a kanta. Laifina ne, kuma na jawo maka kunyar da ba ka cancanta ba. Gobe zan faɗa a gaban yara da malamai."

"To sa hannu."

"Rabi na biyu ya ce ajin Alhamis yana koya wa yara raina na gaba, kuma na yarda a rufe shi. Wannan ba zan sa wa hannu ba."

"Yarinya ta tsaya a gaban makaranta tana tuhumata!"

"Ta ɗaga hannu, ta ce ranka ya daɗe, ta yi tambaya. Ta je ta duba. Abin da za a nema a wurinta ke nan a kwaleji shekara mai zuwa. In na ce ta yi laifi, me na koya mata?"

Ya ce ko ta sa hannu, ko ya rufe ɗakin. Ta ajiye biron a hankali, ta daidaita shi da gefen takardar. Ta miƙa hannu ta ɗauki shuɗin littafin daga teburinsa, ta ce, "Kwanan aronsa ya cika." Ta jefa a jaka muka fito.

Washegari ta tsaya a taron safe, ƙafafunta ko takalmi ba sa shiga sosai. Ta ba shugaban haƙuri da sunan muƙaminsa, ta ba yaran haƙurin kwana takwas da suka yi a tsaye. Sannan ta ce, "Ku riƙe wannan. Hatimi ba hujja ba ne, ko da nawa ne." Kafin azahar an sa wa laburare sabon kwaɗo. An mayar da ita ofis tana jera fayil. Daga baya aka tara karyayyun kujeru a ɗakin, muna hango ƙafafunsu ta tagar da na yanka wa kwali.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini ciwo. Rabin aikin shagona daga makarantar yake zuwa, rajistoci da takardun sakamako da sauransu. Aka aiko mini da magana a fakaice cewa in na kuskura aji ya shiga shagona, in nemi wasu masu kawo aiki. Ina da marayu uku a gabana. Na ji tsoro, ban ce su zo shagona ba.

Alhamis ta zo. Ƙarfe huɗu na gan ta a bakin titi, a jikin katangar makaranta ta waje, inda ikonsa bai kai ba. Ta rataye kwalin tambayoyinta a ƙusa. Dogo ya iso a babur da kwalin littattafai ɗaure a baya, waɗanda ya ara da katinsa. Yara goma sha ɗaya suka tsaya a rana, motoci na wucewa suna busa musu hayaƙi. Ni ina cikin inuwa, na sunkuyar da kai ina ɗinkin da ba na ganin ramin allurarsa. Da suka tashi ta leƙo ta ce, "Uwar Gam, sannu da aiki," kamar kullum. Ba ta yi mini gori ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis ta biyu aka yi yayyafi. Ta zauna a kan dutse don ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta lulluɓe kwalin littattafan da mayafinta, ita ruwa na sauka a kanta. Yaran sun zama goma sha bakwai.

Ta uku ban jira huɗu ta yi ba. Na ja injin yanka zuwa lungu, na jera ƙullin takardu a matsayin kujeru, na share ƙasa sau biyu. Na tsallaka titi na cire kwalin daga ƙusa da hannuna.

Na ce, "Yaya, ku shigo."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kin yi shawara da tukunyarki?"

"Na yi. Ta ce ba ruwanki."

Ta yi dariya har da tari, ta kama hannuna ta miƙe. Ba ta taɓa tayar da zancen makonni biyun nan ba har ta bar duniya. Ni ce nake tayarwa yanzu.

Aikin makaranta ya tsaya kamar yadda aka faɗa. Mun ɗan ji jiki, ba mu mutu ba. Dogo ya riƙa turo mini ɗaliban kwaleji masu ɗinkin kundin kammala karatu. Ya kuma jawo wata tsohuwa mai kula da laburaren gari, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, ta riƙa zuwa da tsofaffin jaridu a jakar buhu, tana nuna wa yara yadda jarida biyu suke ba da labari ɗaya ta fuska biyu. Su ukun sukan zauna bayan aji su tsara na mako mai zuwa, suna musu kamar za su daku. Wata ɗaya sau ɗaya, ranar Asabar, Dogo yakan shigar da yaran laburaren kwaleji a matsayin baƙinsa, ya ba kowa lamba a 'yar takarda ya ce kada wanda ya dawo hannu wofi. Yaya ta ce so take ranar da suka shiga a matsayin ɗalibai, ƙafarsu ta riga ta san hanya.

Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Yara ashirin da uku a shagon da in mutum biyar suka shiga sai an yi gefe-gefe. Ni ina lungu ina ɗinki, kunnena na wurinsu. A haka na iya. Rannan wata maƙwabciya ta turo mini saƙo a waya wai wani ganye yana wanke ƙoda cikin kwana uku, na kai wa Yaya da gudu. Kafin ta buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Bari, ba sunan likita, ba kwanan wata." Ta ce, "Kin ci jarrabawa." Amma mu biyun da mun so a ce gaskiya ne.

Lauya tana kwaleji yanzu. Dogo ya ce ranar farko da ta shiga ba ta tambayi kowa hanya ba, ta wuce kanta ta bakwai kai tsaye, kuma yanzu 'yan ajinsu ita suke bi.

Washegarin rasuwar Alhamis ce. Na buɗe ƙofa ɗaya ta shago, ban san me zan yi ba. Dogo tun jiya ba ya iya haɗa magana. Wajen azahar sai ga shugaban makaranta ya tsallako titi, karo na farko. Ya yi mini gaisuwa da ladabi, kuma na ga alamar abin ya taɓa shi. Ya ce ya yanke shawarar buɗe laburaren, a kwashe kujerun, a rubuta sunanta a saman ƙofa. Abu biyu kawai yake so. A ba shi shuɗin littafin ya ƙona, don a rufe babin. Ajin Alhamis kuma a bar shi ya tafi da mai shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin na yara ne. In za ka buɗe, ka buɗe don su, ba sai na saya da komai ba. Sunanta kuma ba ta taɓa neman a rubuta a ƙofa ba. Abin da ta rataye a ƙofar tambaya uku ce."

Ya ce, "Baiwar Allah, ki duba gaskiya. Ta tafi. Wa zai koyar? Ke? Ba raini ba, amma ko sakandare ba ki shiga ba."

"Gaskiya ne, ban shiga ba."

"To?"

"To littafin ni na ɗinka shi, takardar ubana ce, kuma amana aka ba ni. Yana nan. Duk shekara sai yara sun kama shi da hannunsu."

Ya girgiza kai ya tafi. Da ya juya baya na buɗe ɗaya ƙofar har bango.

Ƙarfe huɗu suka zo, su ashirin da uku, da waɗansu na bara, har da Lauya. Gwaggo ta zo da jakarta. Dogo ya sauke kwali daga babur, ya tsaya gaban yaran, ya buɗe baki, sai ya juya ya fuskanci bango. Ba wanda ya motsa. Na goge gam a jikin zanina, na ɗauko abu biyar da su ukun suka tsara tun makon jiya, na shimfiɗa a tebur, shuɗin yana na huɗu.

Na ce, "Huɗu gaskiya, ɗaya ƙarya. 'Yan bara ku rufe bakinku. Sauran, da me za ku fara?"

Wani daga can baya ya ce, "Wa ya faɗa."

Na ce, "To ku taso."

Yau mako biyar ke nan. Kwaɗon yana nan a ƙofar laburare. Iyaye sun rubuta takarda sau biyu, mai faci ne ke yawo da ita gida-gida ana sa hannu, za su rubuta ta uku. Ban san ko za a buɗe ba. Dogo da Gwaggo ne ke koyarwa, ni ina share wuri, ina jera abu biyar, in an rasa wanda zai yi tambaya in yi. Hatiminta yana cikin aljihun teburina. Ban buga shi a kan komai ba.

Ranar Litinin kafin ta rasu na je asibiti da hantsi. Ta rame, tabaran ya yi mata yawa, zaren ƙafarsa ya sake kwancewa. Na zauna a bakin gado ina ɗaure mata karo na biyar. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro shuɗin littafin ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Riƙe ɗanki. Kada ki ba kowa, ko da an zo miki da daɗin baki."

Na ce, "Ki riƙe abinki, Yaya. Ai an ce ranar Alhamis za a sallame ki."

Ta ɗan buɗe ido. "Wa ya faɗa?"

"Ni na faɗa."

"Yaushe?"

"Yanzun nan."

"Ina kika samo?"

Na sa mata tabaran, na gyara mata shi a bayan kunne. Na ce, "So nake yi kawai."

Ta yi murmushi. "Madogarar nan ba ta da ƙarfi, Uwar Gam. Amma na karɓa." Ta matse yatsuna. "Ko na zo ko ban zo ba, ƙarfe huɗu a buɗe."

Na ce, "Za a buɗe, Yaya."

Ta ce, "Ki share lungun nan na bayan injin. Kullum sai kin manta shi."